Tambaya da Amsa: Na sa kyamara 16 a izini, amma kaya ba su daina ɓacewa ba

TAMBAYA

Assalamu alaikum Injiniya. Ina da ƙaramar izinin matsar man gyaɗa a nan Damagaram, da ma'aikata 40, kuma 12 daga cikinsu aikin dare suke yi lokacin kaka. Bara na kashe kuɗi na sa kyamara 16. Duk da haka buhunan gyaɗa na raguwa a mangaza, jarkokin mai ba sa cika lissafi, har gazuwal ɗin gurup, wato janareta, ana zuƙewa. Da na je duba hoto sai aka ce na makon jiya ya goge, wanda ya saura kuwa inuwar mutum kawai nake gani. Yaron da ya sa mini su ya ce in ƙara kyamara, in sallami masu gadi biyu, in sa makullin lantarki a ƙofofi, ta baya kuma a ɗaure ta da sarƙa da kwaɗo, daga ƙarfe goma na dare har asuba ba mai fita sai da makullin da ke hannun ƙanena. Sarƙar mun riga mun sa. Wallahi barci ya ƙaurace mini, kuma ba na son zargin wanda bai ci ba. Me kake gani?

AMSA

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Zan zo kan kyamarar, amma sarƙar nan ce ta tayar mini da hankali, don haka da ita zan fara. Ka cire ta yau, kafin ƴan aikin dare su shiga.

Kusan kowace izini da kowace babbar mangaza da na shiga tsakanin Damagaram da Maraɗi, sai na tarar da wannan tunanin: wai tsaro shi ne a rufe mutane a ciki. Mai gida ya ji ciwon asara, wani mai sayar da kaya ya raɗa masa cewa ta ƙofar baya ake fitar da su, sai a kawo sarƙa. Alhaji, ka dubi abin da ke cikin ɗakin da ka kulle. Ga ɓawon gyaɗa a jibge, ga ƙura mai maiƙo ta lulluɓe motar kowane inji, ga mai a durom, ga gazuwal, ga wutar suyar gyaɗa. Ita kanta tunkuzar da aka tara da ɗumi da danshi takan yi zafi daga cikinta har ta fara hayaƙi ba tare da kowa ya ƙyasta ashana ba. A cikin wannan ka rufe magidanta 12, makullin yana aljihun mutum ɗaya, wanda zai iya zagayawa, ya iya gyangyaɗi, ya iya lallaɓawa gida ya ce yanzu zai dawo.

Na taɓa zuwa duba wata izini da dare, ba zan faɗi sunanta ba. Na ce a buɗe mini ƙofar baya. Aka shiga neman mai makulli, ashe yana Birni wurin suna. Aka tura ɗan kabu-kabu. Ina tsaye ina kallon agogo, sai da aka kwashe minti 25 kafin makullin ya iso, da ya iso kuma kwaɗon ya cije da tsatsa da ƙura, sai da aka ɗiga masa mai. Ma'aikatan suna kallona suna murmushi, sun saba. Ni kuwa jikina ya yi sanyi, don na san yawancin waɗanda gobara ke kashewa hayaƙi ne ke kayar da su tun kafin harshen wuta ya taɓa su, kuma hayaƙi ba ya jiran minti 25. Da kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, ɗaki ya cika da baƙin hayaƙi, mutum tafin hannunsa ma ba ya gani, balle ramin kwaɗo.

Ba yau aka fara wannan ba. A 1911, a birnin New York na Amurka, gobara ta tashi a masana'antar ɗinki ta Triangle, mutum 146 suka mutu, yawancinsu ƴan mata, kuma daga cikin ƙofofin akwai wadda aka kulle don kada ma'aikata su fita da kaya. A watan Satumba na 2012, a Karachi ta Pakistan, fiye da mutum 250 suka halaka a wata masana'antar tufafi mai rufaffun ƙofofi da tagogin da aka yi wa shingen ƙarfe. Dalilin masu wuraren nan bai bambanta da naka ba. Su ma sata suke gudu.

Kada kuma ka ce ai makullin lantarki ya fi sarƙa. Ya danganta da irinsa, kuma nan ne ƴan buga-buga ke cutar mutane. Iri biyu ne. Akwai na maganaɗisu, wanda ke riƙe ƙofa muddin akwai wutar lantarki, da ta ɗauke sai ya saki. Akwai kuma wanda ke zama a kulle idan wuta ta ɗauke. Na biyun wurinsa ɗakin kuɗi ko mangazar da ba kowa a ciki. A ƙofar da mutane za su bi su tsira, na farkon ake sawa, a haɗa shi da na'urar gano gobara ta yadda da ƙararrawa ta kaɗa ƙofofi za su saki da kansu, a kuma sa ɗan koren akwatin nan kusa da ƙofar wanda kowa zai danna ya yanke wa makullin wuta. Na sha tarar da an sa na biyun a ƙofar ma'aikata saboda shi ne ke akwai a shago ranar. Na sha tarar da na maganaɗisun ma an jona shi da batir ba tare da koren akwatin ba, wato ko kuran ya tafi ƙofar na nan daram. Ka tambayi wanda ya sa, sai ya ce ai haka mai gida ya fi so. Mai gida bai san bambancin ba, kai da ka karɓi kuɗinsa kai ne ya kamata ka sani.

Za ka ce to in na cire sarƙar ai na buɗe wa ɓarawo hanya. Ba haka ba ne. Ƙofar baya ana sa mata sandar turawa, daga ciki ko yaro ya tura ta buɗe, daga waje ba ta buɗuwa. Ana manna mata ɗan maɓalli a jikin katako, da an buɗe jiniya ta yi kuka, saƙo ya shigo wayarka da ta mai gadi, kyamarar da ke fuskantar ƙofar ta yi wa wannan lokacin alama. Wanda ke gudun wuta ya fita lafiya, wanda ya saɓo buhu kuma kowa ya ji fitarsa. Abin da muke nufi da haɗaɗɗen tsari ke nan, kowace na'ura tana sanar da ƴar uwarta. Sai dai a ɗakin matsa ka sa mai gano zafi, domin mai gano hayaƙi ƙura za ta riƙa tayar da shi a banza, kuma ƙarshenta wani ya rufe shi da leda don a huta.

Kai ne aka ba amanar mutanen nan daga lokacin da suka shiga har su fita. Kowannensu ya bar iyali a Garin Malam ko Ƙara-Ƙara yana neman na sawa a bakin salati. Buhu in ya ɓace ana lissafinsa a mayar. Idan aka fito da gawa daga bayan ƙofar da kai ka ce a ɗaure, ban san me za ka gaya wa matarsa ba, ban kuma san me za ka gaya wa Ubangijinka ba. Ƴan kwana-kwana ana kiransu a lamba 18, amma kafin su iso daga cikin gari su sami ruwa, a Damagaram da kowa ya san halin ruwanta, waɗanda ke ciki ƙofarsu ce kawai za ta fitar da su.

Yanzu kyamara. Hoton makon jiya ba goge shi aka yi ba, wuri ne ya ƙare. Kyamara ɗaya mai aika megabit 4 a daƙiƙa tana cin wurin ajiya kusan jiga 43 a yini. Guda 16 sun kusa jiga 700. Idan faifan da ke cikin akwatinka na ajiyar hoto mai tera 2 ne, wato jiga 2000, bai kai kwana uku ba zai cika ya fara rubuta sabo a kan tsoho. Wata guda yana son fiye da tera 20, sai dai a matse hoton da H.265, tsarin rage girman bidiyo, a kuma sa wasu kyamarorin su ɗauka sai an yi motsi. Kai kuma sai ƙarshen mako kake gano giɓi.

Inuwar da kake gani ita ma lissafi ce. Ƙa'idar aikinmu ta ce kafin a shaida fuskar mutum ana son fiksel, wato ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto, 250 a kowace mita ta faɗin wurin. Kyamara mai fiksel 1920 a faɗin hotonta ke nan ba za ta shaida kowa ba in wurin da take kallo ya kai mita 8. An ɗora taka a saman gini tana kallon fili mai mita 40, za ta nuna maka wani ya gifta, shi ke nan. A sauko da uku ko huɗu daidai tsayin kai a ƙofar shiga, bakin mangaza da wurin tankin gazuwal, a sa musu fitila. A riƙa goge gilashinsu duk mako, musamman da hunturu, don ƙura da yanar gizo-gizo na mayar da hasken daren ya zama farin hazo. Kebul ɗin kyamara kada ya wuce mita 100 ba tare da mai ƙara masa ƙarfi ba.

Sai kuran. Mun ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu. Ɓarawon gida ya san mintunan da ke tsakanin ɗaukewar wutar kamfanin lantarki NIGELEC da tashin gurup, ya san kuma lokacin kyamara makauniya ce. A ba akwatin ajiya da kyamarori batirinsu na kansu, da sola in da hali, a ɗaki mai iska, domin zafin Afrilu da Mayu yana cinye ran batir da sauri. Akwatin a kulle shi a inda ba a gani, kuma a canza lambar sirrin da ya zo da ita daga kamfani. A 2016 manhajar ɓarna ta Mirai ta kame dubban kyamarori a duniya ta hanyar lambar sirrin kamfani da ba a canza ba. Yaron da ya sa maka su ma yana da lambar har yanzu.

Masu gadi kada ka sallame su. Kyamara ba ta tare kowa a ƙofa, in jiniya ta yi kuka mutum ne zai je ya duba. Kuma a irin aikinka yawancin kaya ba ta katanga suke fita da dare ba, ta babbar ƙofa suke fita da rana a cikin mota, da takarda. Don haka agogon sikeli, na kyamara da na littafin ƙofa su zama ɗaya, kowace mota a auna ta shiga da fita, a ɗauki lambarta, kuma mai auna kaya ya zama daban da mai rubuta takardar fita. Tankin gazuwal a auna shi da sanda safe da yamma, a kwatanta da awannin da gurup ya yi. Ka tara ma'aikata ka gaya musu inda kyamara take, ka liƙa sanarwa, kada a sa ta a makewayi ko wurin sauya kaya. Ƙasarmu tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017 da hukumar HAPDP mai kula da ita, ka neme su kan abin da ake buƙata daga gare ka. Kafin ka kira sunan kowa, ka bari lissafin sikeli da hoto su haɗu a kan sa'a ɗaya da mota ɗaya.

Daren yau, bayan an cire sarƙar, ka tsaya da kanka ka kashe kuran gaba ɗaya, ka ce kowa ya fita, ka riƙe agogo. Duk ƙofar da ta ƙi buɗuwa da duk lungun da wani ya yi tuntuɓe da buhu, ka rubuta, da su za a fara aikin gobe.