Bambancin illegal, prohibited, restricted da contraband

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka tambaya ko waɗannan kalmomi da ka gani a takardar da kwastam suka ba ƙaninka duk abu ɗaya suke nufi. A'a. Na daɗe ina hidimar fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas, kuma rashin sanin bambancinsu ya cinye jarin mutanenmu da dama.

Illegal ita ce uwa, duk abin da ya saɓa wa dokar ƙasa. Unlawful ma haka, sai dai an fi jin ta a bakin lauyoyi. Kada ka haɗa su da haram ta addini. Giya haramun ce a wurinmu, amma mai lasisi yana sayar da ita a Legas, doka ba ta taɓa shi.

Prohibited kuwa hani ne gaba ɗaya. Daskararrun kajin waje suna cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su. Ko ka ce za ka biya kuɗin fito ba za a saurare ka ba. Banned ita ce 'yar'uwarta a bakin gwamnati da jaridu.

Restricted tana nufin an yarda, amma da sharaɗi ko iyaka, kuma nan ne yaranmu 'yan acaɓa suka fi shan wahala. Dokar hanya ta jihar Legas ta 2012 ta taƙaita okada ne a kan wasu tituna. Daga 1 ga Yunin 2022 aka hana shi ɗungurungum a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland. Yaro ya sauka daga Arewa, ya ji an ce ai ana yi, ya shiga Ikeja, mashin ɗin bashi ya tafi. Abin yana min ciwo matuƙa.

Contraband, wato kayan fasa-ƙwauri, sau da yawa laifin hanyar ne. Shinkafar waje halal ce a ci, amma tun 2016 aka hana shigo da ita ta iyakokin ƙasa irin su Seme, don haka buhun da ya biyo can ya zama contraband.

Ka duba wace kalma aka rubuta a gaban sunan kayan. In restricted ce, a nemi takardar izinin da ake buƙata. In prohibited ce, ku nemi lauya, kada ƙaninka ya ba wani ɗan tsakiya ko sisi don ya fitar masa.