Amsa ga 'yar'uwar da mahaifiyarta ta kasa dawowa daidai bayan rasuwar ɗanta

'Yar'uwa, Allah Ya jiƙan yayanki, Ya ba ku haƙurin rashi. Kin ce 'yan bindiga ne suka kashe shi a hanyar Anka, yau shekara 2, amma Inna ba ta cin abinci sosai, ta daina zuwa biki da suna, kullum tana zaune a ɗakinsa.

Don Allah ku daina ce mata tawakkalinta ya yi rauni. Annabi (SAW) kansa ya zubar da hawaye lokacin da ɗansa Ibrahim ya rasu. Abin da kika bayyana likitoci sun san shi: baƙin cikin rashi da ya ƙi lafawa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukarsa ciwo idan ya wuce wata 6 yana hana mutum harkokinsa. Kuma mutuwar kisa, musamman in ba a ga gawa ba, ta fi jawo shi, domin zuciya tana ta maimaita yadda abin ya faru.

Maganinsa yawanci zama ne da ƙwararre, ta riƙa ba da labarin ranar a hankali har ta iya ɗaukarsa. Ƙwayoyi su kaɗai ba sa wadatarwa, sai dai in akwai ciwon damuwa a tare. Ku fara da asibitin gwamnatin tarayya na Gusau (FMC Gusau), ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato.

In ta fara cewa gara ta bi shi, kada ku bar ta ita kaɗai, ku kai ta asibiti a ranar.