Injin Gudu Ko Mai Horarwa: Wanne Ya Kamata A Fara Kashe Wa Kuɗi?

Tambaya: Wata baiwar Allah daga Kubwa a Abuja ta rubuto cewa shekarunta 46, jiki ya yi mata nauyi, gwiwa kuma tana damunta idan tana hawa bene. Ta tara ɗan kuɗi, tana son sanin ko injin gudu (na'urar da ake tafiya ko gudu a kanta a cikin gida) za ta saya ko kuwa mai horar da motsa jiki za ta ɗauka.

Amsa: Hajiya, kafin ki fitar da ko sisi, ki je asibiti a auna miki jini da sukari, likita kuma ya duba gwiwar nan. Hawan jini yakan daɗe a jikin mutum bai ji komai ba, saboda haka idan awon ya kai 140/90, likita ne zai faɗa miki iyakar abin da jikinki zai ɗauka.

Injin gudu dai ban ba ki shawarar sayensa yanzu ba, domin yana da tsada, yana bukatar tsayayyar wuta, kuma da yawa daga waɗanda nake gani a gidaje sun koma wurin rataye tawul. Abin da ya fi cancanta da kuɗinki shi ne takalmi mai taushin ƙasa. Ki gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ki bar tazarar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafarki da gaban takalmin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar yin minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, tare da ƙarfafa tsoka na kwana biyu, amma ke ki fara da tafiyar minti goma, da saurin da za ki iya magana ba tare da haki ya sarƙe ki ba. Idan kina son abokan tafiya, bakin tafkin Jabi yakan cika da su ranar Asabar da safe.

Mai horarwa tana da amfani na wata ɗaya ko biyu, ta koya miki yadda ake durƙusawa da ɗaga nauyi ba tare da cutar da gwiwa ba. Ki lura da ranar farko: idan ba ta tambaye ki tarihin lafiyarki ba, ko ta fara tallata miki shayin rage ƙiba, ki nemi wata. Duk lokacin da kika ji ciwon ƙirji ko jiri, ki tsaya nan take, ki ga likita.

Tambaya: Wani matashi daga Nyanya, wanda ya daɗe yana ɗaga ƙarfe, ya tambaya ko ginin jikinsa ya ishe shi ya fara horar da mutane a biya shi.

Amsa: Ɗan'uwa, bai isa ba, domin abin da ya gina jikinka zai iya jikkata dattijo mai ciwon baya. Ka fara da horon agajin gaggawa a ƙungiyar Red Cross, sannan ka nemi shaidar ƙwarewa daga makaranta irin Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas. Kada kuma ka taɓa sayar wa kowa allurar ƙara tsoka, domin tana illata hanta da zuciya, tana kuma rage ƙarfin haihuwa.