Me ya sa sauti ke ɗaukewa a farkon kowace waƙa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi fileya ta gwanjo mai cin faifan SACD da Blu-ray, na haɗa ta da amfilifaya ta wayar HDMI. Sautin masha Allah, amma duk sanda waƙa ta ƙare aka shiga ta gaba sai sauti ya ɗauke kamar sakan ɗaya ko biyu, farkon waƙar ya wuce ban ji ba. Faifan CD na yau da kullum ba ya yi min haka. Fileyar ce ta lalace? In mayar da ita ne in sayi wata? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka riƙe kuɗinka tukuna, don yadda ka kwatanta abin nan ban ga alamar lalacewa ba ko kaɗan. In da idon fileya mai karanta faifai ne ya yi rauni ko faifan ya karce ai da a tsakiyar waƙa zai riƙa tsalle, yau nan gobe can, ba zai riƙa zaɓar farkon waƙa kullum ba.

Abin da ke faruwa tsakanin fileya da amfilifaya ne. SACD, wato Super Audio CD, faifan kiɗa wanda Sony da Philips suka fito da shi a 1999, yana ɗauke da sauti ne a tsarin DSD, ba irin na CD ba. Shi kuma Blu-ray na kiɗa galibi za ka ga Dolby TrueHD ko DTS-HD Master Audio ko PCM (irin tsarin da CD ke amfani da shi) a bayan kwalinsa. To idan fileya tana tura wannan sautin ɗanye ta HDMI, amfilifaya ce ke da aikin gane wane iri ne kafin ta buɗe lasifika, kuma wasu fileyoyin da zarar waƙa ta ƙare sai su ɗan yanke abin da suke turawa, ita kuma amfilifaya sai ta ɗauka an canza kaya, ta rufe baki ta sake tantancewa daga farko, kafin ta gama har waƙa ta fara. Ka zuba wa fuskar amfilifayar ido a daidai lokacin, in ka ga rubutun DSD ko TrueHD ya ɓace ya dawo, ko ka ji wani ɗan ƙas daga cikinta, shi ke nan ka kama ɓarawon.

Maganin farko kyauta ne. Shiga saitin sauti na fileyar, inda aka rubuta Bitstream, wato tura sauti ɗanye, ka mayar PCM, a ɓangaren SACD ma in akwai zaɓi tsakanin DSD da PCM ka zaɓi PCM. Yanzu fileyar ce za ta warware sautin da kanta ta miƙa shi iri ɗaya ba canji. Na san akwai masu cewa haramun ne a juya DSD zuwa PCM, wai an zubar da daɗin. A TrueHD da DTS-HD dai babu abin da ka rasa, sautin ɗaya ne ko wa ya warware shi. A SACD kuwa ana juya shi ne yawanci zuwa 88.2 ko 176.4kHz, ya ninka na CD mai 44.1, kuma amfilifayoyi da yawa dama su ma juyawar suke yi a ciki in ka kunna gyaran sautin ɗaki. Ni dai gara in ji farkon waƙata.

In hakan bai yi ba, duba yadda ka ja wayoyin. Fileya ta shiga amfilifaya kai tsaye, kar ta bi ta talabijin sannan sautin ya dawo. Kashe saitin nan da ke sa na'urori su riƙa kunna juna ta HDMI, Sony na kiransa Bravia Sync, Samsung kuma Anynet+. Sannan ka leƙa shafin kamfanin ko akwai sabuwar manhajar na'urar, amma don Allah kar ka fara ɗora ta a kan wutar da ba ka yarda da ita ba, in aka ɗauke wuta ana tsaka da yi na'urar na iya mutuwa gaba ɗaya.

Hanya ta ƙarshe, in fileyar na da ramukan ja da fari a baya, ka ja sauti ta nan. Babu tantancewa, babu ɗaukewa.

Tambaya: Ni kuma da na haɗa da wayar optikal, sai SACD ya yi shiru gaba ɗaya. In sayi waya mai tsada?

A'a, wayar ba ta da laifi. Da gangan aka hana sautin SACD fita ta optikal ko koaksiyal a mafi yawan fileyoyi saboda gudun satar fasaha. Ko HDMI ko ja da fari. In faifan mai hawa biyu ne, wato an rubuta Hybrid a jikinsa, za ka iya zaɓar hawan CD ya fita ta optikal ɗin, sai dai sautin CD kake ji kenan.

Tambaya: Wace fileya zan nema da za ta ci SACD da DVD-Audio da Blu-ray duka?

Oppo ce aka fi yabo, irin su BDP-103 da UDP-203, suna da ramukan analog, wato irin ja da farin nan, har na lasifika 7.1, amma kamfanin ya daina ƙera su tun 2018 shi ya sa na hannu ma tsada gare su. Sony UBP-X800 ta fi araha kuma tana cin duka ukun, sai dai ba ta da ja da fari, dole amfilifayarka ta zama mai HDMI. Ƙanwarta X700 tana cin SACD amma ban da DVD-Audio. Duk wadda za ka ɗauka a gwanjo ka juya bayanta ka karanta, ta Amurka tana iya zama mai wuta 120 alhali tamu 230 ce, sai da tiransifoma, kuma Blu-ray ɗinta na yankin A ne mu muna B, faifan da aka kulle wa wani yanki ba ya ci a fileyar wani yankin, ko da yake SACD ba ruwansa da yanki. Ka tafi da faifanka shagon, a haɗa da amfilifaya a gabanka, ka bari waƙa uku su wuce a jere kafin ka ciro kuɗi.