Dalilin da finafinan jarumai ke saɓa wa littattafan zanensu

Malam, ka yi tambaya daga Marwa kan abin da ya sa finafinan jaruman nan na Amurka ba sa bin littattafan zanen da aka ɗauko su daga ciki. Babban dalili shi ne tsawon labari. Alal misali, jarumi Spider-Man ya fara fitowa a littattafan zane tun 1962, marubuta da dama sun yi ta karɓarsa, kowa da inda ya karkata akalarsa, alhali darakta ba shi da abin da ya wuce awa biyu zuwa uku, don haka dole ya zubar da mafi yawa.

Sai kuma sutura, domin abin da ya yi kyau a takarda yakan zama abin dariya a jikin mutum. A fim ɗin X-Men na 2000 an cire wa jarumi Wolverine rigarsa mai ruwan ɗorawa da aka san shi da ita a littattafan zane, an sa masa baƙaƙen kayan fata, kuma a ganina sun yi daidai a wancan lokacin.

Haƙƙin mallaka ma ya ɗaure hannun masu shiryawa, tunda Marvel, kamfanin da ke buga littattafan Spider-Man, ya sayar wa kamfanin Sony izinin fim ɗinsa, shi ya sa bai haɗu da sauran jaruman Marvel a fim ba sai a 2016.