Amsoshin Tambayoyinku: Tsutsar Masara da Kuɗin Feshi

Wani manomi daga Soba ya rubuto: "Malam, sati uku da tsirowa, ganyen masarata ya fara huhhujewa. In yi feshi?"

Ɗan'uwa, ƙirga tukuna. Shiga gonar da sassafe, ka bar bakin gona, ka tsaya wuri biyar a warwatse, kowane wuri ka duba tsiro 20 a jere. Leƙa cikin zuciyar masarar. Duk wadda ka ga sabon ci a jikinta, ko kashin tsutsa mai kama da dusa, ka lissafa ta. In 20 cikin ɗarin nan sun kamu kuma masarar ba ta wuce gwiwa ba, lokacin feshi ya yi. In ta girma ta kusa fid da kai, sai adadin ya kai 40. Ƙasa da haka, kuɗin magani da ladan mai feshi sun fi abin da tsutsar za ta ci maka, domin masara tana farfaɗowa daga ɓarnar ganye. Ka koma bayan sati ka sake dubawa.

Wata baiwar Allah daga Lere ta ce mijinta ya rasu, rabin eka gare ta, ba ta da kuɗin magani, har barci ya ƙaurace mata.

Allah Ya jiƙansa da rahama, Hajiya. Kwantar da hankalinki. Gona irin taki hannu ma yana iya mata. Ke da yara ku riƙa bi sau biyu a sati, ku murje ƙwan da ke manne a ganye da ƙananan tsutsotsi, ku zuba ɗan yashi ko toka a zuciyar wadda ta kamu. Ruwan sama mai ƙarfi ma yana kashe da yawa daga cikinsu.

Daga Ikara kuma wani ke tambaya ko ya haɗa magani kala uku a famfo ɗaya "don ya fi ƙarfi".

Haba! Wa ya koya maka wannan? Tun da tsutsar nan ta ɓulla a Nijeriya a 2016, babu abin da ke ƙona mini rai kamar yadda muke zubar da kuɗi. Mutum ya ga maƙwabci da famfo a baya, shi ma ya ruga kasuwa ko gonarsa bai leƙa ba. Ya sayi kwalba a faranti cikin rana, takardar jikinta ta koɗe, babu lambar NAFDAC, babu ranar ƙarewar aiki, wani ma awo ake yi masa a robar lemo. Ya fesa da tsakar rana a saman ganye, alhali tsutsar tana can ƙasan zuciya a ɓoye. Ba ta mutu ba, sai ya ninka awo, ya kashe ƙwarin da ke cinye ta, ita kuwa ta saba da maganin. Ga shi yana feshin ba safar hannu, ba takunkumi.

Sayi guda ɗaya a shagon da ka san mai shi, a rufe da hatiminsa, ka nuna wa malamin gona na yankinku. Bi awon da ke jikin kwalbar, ka fesa da sassafe ko da yamma, bakin famfo a saitin zuciyar masara, tun tsutsar tana ƙarama. In buƙatar feshi na biyu ta taso, canza zuwa wani sinadarin daban.