Amsa ga Alhaji: kwana huɗu a jirgin ruwa kan Kogin Yangtze

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Alhaji. Na ga tambayarka. Ka ce za ka je baje kolin Gwanzu a Chaina na watan Oktoba tare da Hajiya, ejan kuma ya kawo maka tayin yawo a jirgin ruwa kan Kogin Yangtze, da ɗan jagora da komai a cikin kuɗi ɗaya. Kana so ka ji ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu, me mutum zai ci, yaya za a yi da salla, sannan ko Hajiya mai fama da ciwon gwiwa za ta iya. Ni da maiɗakina mun yi wannan tafiyar bayan na gama sarin kaya na sallami kwantena, don haka abin da idona ya gani zan faɗa maka.

Ku je. Amma kafin ka biya ko sisi, ka tambayi ejan ta wace fuska jirgin zai bi. Hanyar tsakanin birane biyu take, Chongqing da Yichang, nisan sama da kilomita 600. In an tashi daga Chongqing ana bin ruwa ne, kwana uku a jirgi, rana ta huɗu a sauka. In kuma daga Yichang ne, jirgi na hawan ruwa, sai an ƙara kwana ɗaya. Mu mun bi ruwa, kuma shi nake ba ka shawara, domin ɗan kasuwa ba shi da ranar zubarwa. Na bar sunayen yadda suke rubuta su don haka za ka gan su a tikiti, amma Chongqing a bakinsu Congcin ake ji. Daga Gwanzu zuwa can awa biyu da 'yan mintoci ne a jirgin sama. Lokacin ma ya yi maka daidai. Makon farko na Oktoba hutun ƙasa ne a Chaina, ko'ina cike maƙil, amma ku sai bayan baje koli za ku motsa, jama'a sun koma aiki, zafin Chongqing wanda ya yi suna ya sauka. Ku dai riƙe rigar sanyi, iskar saman jirgi da asuba tana ratsa ƙashi.

Da yamma ake shiga jirgi a tashar Chaotianmen, inda Kogin Jialing ya haɗu da Yangtze, ya tashi da dare birnin na ta walƙiya ta gaɓa biyu. Garin a kan duwatsu yake, saboda haka daga titi zuwa bakin ruwa gangare ne da matakala. Akwai 'yan dako masu sandar gora a kafaɗa, ku yi ciniki tun kafin su ɗauki jaka, ku ba su, kai kuma hannunka ya zama na riƙe Hajiya. Wani lokacin in hazo ya yi yawa ko ruwa ya canza, sai a kwashi fasinja a bas zuwa wata tasha a gaba, kada hakan ya tayar maka da hankali.

Maganar tsoron ruwa ka cire ta. Tunda aka gina madatsar ruwa, wato dam ɗin Three Gorges, a can ƙasan kogin, wannan yankin ya zama kamar dogon tafki, babu igiya, babu jijjiga. Maiɗakina ko a mota takan yi jiri, amma a nan kofin shayi take ajiyewa a baranda bai motsa ba. Jirgin kansa otal ne mai hawa biyar ko shida, da lifta. Ka nemi ɗaki mai baranda a hawa na tsakiya ko na sama, nesa da baya inda injin yake. Wannan barandar ita ce rabin daɗin tafiyar, musamman ga wadda ba za ta sauka kowane zango ba.

Rana ta uku ita ce abin da kuka biya kuɗi dominsa. A ranar ne ake ratsa biyu daga cikin kwazazzabai uku da suka yi wa kogin suna. Na farko Qutang, gajere ne, kilomita takwas kacal, cikin ƙanƙanin lokaci an wuce, don haka da an yi sanarwa ku hau sama kada ku tsaya gama karin kumallo. Ƙofarsa duwatsu biyu ne a tsaye, ɗaya dama ɗaya hagu, kamar an sare su da gatari, kogin da ya yi faɗi jiya sai ga shi ya tsuke ya shige tsakaninsu. Ka ciro takardar yuwan goma ka duba bayanta, hoton wurin ne, za ka ga kowa a saman jirgi ya ɗaga tasa yana gwadawa. Ni ban ɗaga ba, tasbihi ne ya zo bakina. Na yi shekaru ina zuwa Chaina, abin da na sani bai wuce kasuwa da masana'anta da ofishin masu jigilar kaya ba, ban taɓa zaton akwai irin wannan wuri a ƙasar ba. Bayansa sai Wu, mai tsawon kusan kilomita 45, inda gajimare ke sauka har rabin dutse, kogin na lanƙwasa ka ɗauka hanya ta ƙare sai ta sake buɗewa. A can ƙololuwa akwai wani siririn dutse mai kama da mace a tsaye, ɗan jagora zai nuna muku shi ya ba da tatsuniyarsa. A gangaren duwatsun kuma gonakin lemo ne, yankin ya shahara da shi, in an kawo a tasha ku saya.

Da rana akan sauya zuwa ƙaramin jirgi a shiga wani rafi da ke zuba cikin kogin. Wannan Hajiya za ta iya, don a zaune ake yinsa. Ruwan kore shar, duwatsu sun rufe sama, can a cikin tsagar dutse kuma za a nuna muku akwatunan gawa na katako da mutanen dā suka ajiye a tsayin da hankali ya kasa gane yadda aka kai su. Yarinyar da ta yi mana jagora a wannan rafin 'yar ƙabilar Tujia ce. Ta nuna mana wani wuri a tsakiyar ruwa ta ce gidan da aka haife ta yana ƙarƙashinsa, ta nuna wani sabon gari mai benaye a saman tudu ta ce can aka mayar da su. Ta ce ita ta ji daɗin famfo da lantarki, kakarta kuwa har ta rasu ba ta saba ba. Tun daga nan kallon da nake wa kogin ya sauya. Sama da mutum miliyan ɗaya aka tayar saboda wannan dam, garuruwa da gonaki da maƙabartu suka nutse. Na tuna tsohuwar Bussa da ruwan Kainji ya cinye aka gina wa mutanenta sabuwa, sai dai a nan abin ya ninka ba iyaka. In kun ga alamar 175 a jikin gaɓa, iyakar tsayin da ruwa ke kaiwa ke nan a ma'aunin mita daga doron teku. Da damina sukan sauke shi zuwa 145 don a bar wa ambaliya wuri, a ƙarshen shekara su cika shi. Wannan ya shafe ku kai tsaye, domin lokacin da za ku je ruwa ya cika, jirgi na tsayawa kusa da titi, matakalar da Hajiya za ta taka ta ragu ƙwarai a kan ta mai zuwa a watan Yuli.

Shi dam ɗin ranar ƙarshe ake zuwa, a bas. An fara ginin a 1994, injinansa duka suka kama aiki a 2012. Tsawonsa ya haura kilomita biyu, tsayinsa mita 181, kuma yana iya ba da wuta megawat 22,500. Na Kainji 760 ne, kusan ninki talatin ke nan. Duk ɗan Najeriyar da ya kwana da ƙarar janareto, in ya tsaya a wurin sai zuciyarsa ta yi nauyi, ni dai tawa ta yi. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda jiragen kaya ke tsallake shi: ɗakunan ruwa biyar ne a jere kamar matakala, jirgi ya shiga a rufe ƙofa a rage ruwa, ya wuce na gaba, har ya sauka, aikin awa uku zuwa huɗu. A 2016 kuma suka buɗe lifta mai ɗaukar jirgi da ruwan da yake ciki ta sauke shi mita 113 cikin kimanin minti 40. Manyan jiragen yawo yanzu galibi a saman dam suke tsayawa, shiga liftar sai an biya daban an hau wani jirgi. Cikin duk ƙare-ƙaren da za a tallata muku, wannan ne kaɗai zan ce ka biya ba tare da tunani ba, kuma babu tafiyar ƙafa a cikinsa.

Yanzu abinci, nan ne muka sha wuya, kuma nan nake so ka fi sauraro na. Na gaya wa ejan da baki cewa mu Musulmi ne, ya ce babu damuwa. Da muka shiga jirgi babu wanda ya san da maganar. Abincin a jere ake zuba shi kowa ya ɗiba, kuma matsalar ba naman alade da kake gani da ido ba ce kaɗai. Ana soya ganye da mansa, ana zuba nikakkensa a cikin wake da waken suya, ana cusa shi a cikin burodin da aka turara, sannan akwai giyar girki da suke sa wa nama da kifi. Daren farko shinkafa fara da kankana muka ci, maiɗakina ta yi shiru irin wanda ya fi faɗa ciwo. Da safe na sami shugaban ɗakin cin abinci, muka yi magana ta manhajar fassara, na nuna masa alamar 清真, wadda ka saba gani a gidajen taliyar Musulmin Chaina masu koren allo. Mutumin kirki ne, ya gaya mini gaskiya cewa ba su da kicin na halal, amma zai sa a riƙa turara mana kifi da citta da albasa, da ƙwai, da ganye a man gyaɗa cikin tukunya wankakkiya. Haka aka yi har muka sauka. Da safe kuwa da ma akwai dafaffen ƙwai, dankali, masara, kunun shinkafa da burodin turare marar komai a ciki. To kai ka sa ejan ya rubuta buƙatarku cikin Sinanci ya aika wa kamfanin jirgin, ka ga amsarsu da idonka. Kafin ku bar Gwanzu ka zaga unguwar Xiaobei ka sayi gurasar mutanen Xinjiang wadda ke kwanaki ba ta lalace ba, da dabino, kifin gwangwani da madarar gari. Yaji ku taho da shi daga gida. Kilishi kam kada ku ɗauko, kwastan ɗinsu ba sa barin nama ya shiga. Ruwan zafi ba ya yankewa a jirgi.

Salla ba ta ba mu wahala ba, sai abu ɗaya da ke rikita ɗan Arewa: a can alƙibla yamma take, ba gabas ba. Jirgi kuma yana ta juyawa da kogin, don haka mukan jira ya tsaya a tasha ko ya miƙe, mu duba waya mu tayar a ɗaki. Hukuncin ƙasaru da haɗa salla ka tambayi malaminka kafin tafiya. Ku sa buta a jaka, banɗakinsu babu abin tsarki.

Sauran zangunan, gaskiya ba duka ne naku ba. Fengdu, wanda suke kira garin fatalwa, tudu ne cike da gumaka da siffofin azabar lahira bisa aƙidarsu. Mun hau mun sauko ban ga abin da na ƙaru da shi ba, ga hawa. Shibaozhai ya fi kyau, jar hasumiya ce ta katako mai hawa 12 da aka jingina da dutse, aka zagaye ta da katanga don kada ruwa ya ci ta, sai dai tsanin cikinta a miƙe yake kuma gadar shiga tana lilo. Hajiya ta tsaya daga nesa ta yi hoto ya wadatar. Babu wanda zai tilasta mata sauka, kuma jirgin ya fi daɗi in jama'a sun fita.

Ɗan jagora yana da amfani, don bayan Gwanzu mai jin Turanci sai an tona. Ka tabbatar na Turanci aka ba ku, domin yawancin fasinja 'yan ƙasa ne, rukuninsu daban. Tafiyarsa da tuta ce da agogo, in ya ce ƙarfe kaza to ƙarfe kaza ne. Zai bi da ku kantin shayi ko na siliki inda yake da kamasho, kai da ka san farashin sari ba sai na ce maka komai ba. Mutane za su kalle ku, wasu su roƙi hoto, musamman da Hajiya cikin mayafinta. Ban ga mugun nufi a ciki ba, yawancinsu daga ƙauyuka suke ba su taɓa ganin baƙar fata ido da ido ba, in ba ta so ta ɗaga hannu kawai za su bari. Wata tsohuwa da ke teburin kusa da mu kullum sai ta ɓare lemo ta miƙo wa maiɗakina, ba su taɓa fahimtar kalma ɗaya ta juna ba, ranar rabuwa suka rungume.

WhatsApp ba ya aiki a intanet ɗin jirgi, sai ta layinka na gida in ka buɗe masa romin, kuma a cikin kwazazzabo sabis na ɗaukewa, ka sanar da yaran shago tun da wuri. Fasfo ya zauna a jikinka, da shi ake shiga jirgin ƙasa. Ranar sauka, daga dam zuwa cikin Yichang tafiyar kusan awa ɗaya ce kuma bas na jiran kowa ya dawo, don haka kada ka yanki tikitin komawa na kafin la'asar. Mu na azahar muka yanka, da ƙyar muka same shi, ba zan so Hajiya ta yi wannan saurin da gwiwarta ba. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ya sa a yi ciniki mai albarka. A gaishe ta.